Tarin Yadi Don Ɗinkin Bargon Haɗi: Wace Hanya Ce Ta Fi Kai Mai Ɗinki Nesa?

Duk wadda ta kama sana'ar ɗinkin bargon haɗi, wato wanda ake jera ƙananan ƙyallaye a ɗinke su su zama fuska guda, a shimfiɗa ciko a tsakiya, a yi masa shafi, sannan a bi shi da layukan ɗinki don su riƙe juna, ba ta daɗewa take fuskantar tambayar da ta fi ɗinkin kansa wuya: da wane irin yadi za ta cika ɗakin aikinta, kuma idan ta cika shi, wata nawa zai kai ta? Hanyoyin da ke gabanta biyar ne. Za ta iya tara ƙyallayen teloli, ko ta sari turamen atamfa sababbi, ko ta dogara da gwanjo, ko ta sayi bandir na yadi marar zane, ko kuma ta ƙi tara komai, ta riƙa sayen daidai abin da kowane aiki yake bukata. Kowace hanya tana da masu yabonta, amma akasarin yabon yana tsayawa ne a kan farashin ranar saye, alhali abin da ya kamata a auna ya wuce wannan.

Ma'aunan da za a bi

Ma'auni na farko shi ne daɗewa, kuma daɗewar iri biyu ce da ake yawan cakuɗa su. Akwai tsawon lokacin da tarin zai ɗauka kafin ya ƙare a hannun mai ɗinki, akwai kuma tsawon lokacin da zai iya zama a ajiye kafin danshi, gara, ɓera ko hasken rana su taɓa shi. Tarin da zai kai shekara uku bai ƙare ba, amma ba zai iya tsallake damina biyu lafiya ba, a haƙiƙa tarin shekara biyu ne, sauran kuwa asara ce da aka biya kuɗinta tun farko. Na biyu shi ne farashi, wanda ya kamata a lissafa shi a kan kowane bargo da aka gama, tare da kuɗin mota da lokacin tsinta da wanki. Na uku ƙarkon bargon bayan ya bar hannun mai ɗinki, domin wanda ya saya zai wanke shi sau da yawa. Na huɗu sauƙin aiki, na biyar kuma haɗari, wanda ya haɗa da kwantan kaya, zubar launi, da hawa da saukar farashi.

Yadi nawa bargo ɗaya yake ci?

Ba za a san tsawon ran kowane tari ba sai an san abin da bargo ɗaya yake cinyewa, don haka a ɗauki katifa mai ƙafa shida tsawo da ƙafa shida faɗi, wadda ita ce aka fi yi wa oda a ɗakunan amare. Ƙafa shida inci 72 ne, kuma idan ana so bargon ya ɗan sauko ta gefe, zai kai kimanin inci 86 a faɗi da inci 95 a tsawo. Idan aka yanka ƙyallaye masu kusurwa huɗu na inci 5, ɗinki zai ci rubu'in inci a kowane gefe, kowane ƙyalle ya koma inci huɗu da rabi. Jere 19 a faɗi da jere 21 a tsawo zai ba da ƙyalle 399, a ce 400 domin sauƙin lissafi. Yadi ɗaya inci 36 ne, faɗin atamfa kuma yana kama wa daga inci 45 zuwa sama kaɗan, saboda haka bayan an cire bakin masaƙa yadi guda yana fitar da ƙyalle 56, wato takwas sau bakwai. Fuskar bargon kenan za ta ci yadi bakwai da ɗan ɗoriya, kuma idan aka ƙara abin da za a kewaye baki da shi, za ta kusa yadi takwas.

Shafi kuma yana bukatar falle biyu a haɗa su ta tsakiya, kowane falle mai tsawon kusan inci 99, wato yadi biyar da rabi gaba ɗaya. Wannan ne dalilin da ya sa na tsayar da faɗin a inci 86: muddin bargo ya wuce faɗin falle biyu, dole a ƙara na uku, shafin ya tashi daga yadi biyar da rabi zuwa sama da takwas, turmi ɗaya mai yadi shida ya kasa rufe shi. Inci uku ko huɗu da aka ƙara domin ado suna iya jawo sayen wani turmin.

Jimilla, bargo ɗaya yana cin yadi goma sha uku da rabi, wato turmi biyu da rubu'i. Turmi goma, yadi 60 kenan, za su fitar da bargo huɗu da ragowar turmi guda. Wadda take gama bargo ɗaya a wata za ta yi wata huɗu da su, wadda kuma take ɗinki a lokacin da hidimar gida ta bar ta, tana gama ɗaya a wata uku, za ta shekara a kansu. Girman ƙyalle yana canza lissafin fiye da yadda ake zato. A ƙyallen inci 5, ɗinki yana cinye kusan kashi 19 cikin ɗari na yadin. Idan aka sauko zuwa ƙyallen inci biyu da rabi, abin da ke ɓuya a cikin ɗinki ya kai kashi 36 cikin ɗari. Zane mai ƙananan yanka ya fi kyau a ido, yana kuma cin yadi da lokaci tare, sai dai shi ne kaɗai yake iya amfani da guntayen da babban yanka zai watsar.

Ƙyallayen teloli

Wannan ita ce hanya mafi arha, kuma a wasu unguwanni kyauta ce ga wadda take da tela ɗan'uwa ko maƙwabci. Inda ake sayarwa, a buhu ake bayarwa, kuma masu cusa matashin kai da masu gyaran mota su ma suna neman sa, don haka ba ko'ina ake samun sa a ɓagas ba. Lokacin yalwarsa sananne ne: daga tsakiyar watan azumi zuwa jajibirin ƙaramar Sallah, sai kuma makonnin da ke gaban babbar Sallah. Wadda ta yi magana da shaguna biyu ko uku kafin azumi tana iya tara abin da zai kai ta wata da watanni. Akwai abin lura a nan ta fuskar haƙƙi, domin babbar ragowar yadi ta mai kaya ce har sai ya yafe, kuma tela mai amana ƙananan yankan da ke faɗuwa ƙasa kawai yake bayarwa.

Matsalar buhun ƙyalle ita ce girmansa yana yaudarar ido. Hanyar auna shi ita ce a ɗora turmin atamfa guda a kan sikeli, wanda yawanci bai cika kilo ɗaya ba, sannan a auna buhun a kwatanta. Buhu mai kilo goma yana da nauyin turmi goma ko fiye, amma idan aka zazzage shi za a tarar da siraran yankan wuyan riga da na hammata, da guntayen leshi, da shifon, da yadin roba, da shadda mai tauri, da zare a cukurkuɗe. A ganina mai hankali ta ɗauka rabin buhun ne zai yi amfani, idan ya fi haka ta gode wa Allah. Ko a cikin rabin ma, ƙyallen da zai ba da cikakken inci 5 ba shi da yawa, shi ya sa wannan hanya take tilasta wa mai ɗinki zanen tsiri-tsiri ko ƙananan yanka.

Ta fuskar ƙarko, komai ya dogara ga tsinta. Idan aka haɗa auduga da roba a bargo ɗaya, audugar za ta tsuke a wankin farko, robar ta tsaya yadda take, fuskar bargon ta tattare. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne a kunna wa ɗan guntu ashana a wuri mai tsaro: auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule ta zama ƙwallo mai tauri. Sai kuma gwajin zuba, wanda ake yi da jiƙa ƙyalle a ruwan ɗumi a matse shi a kan farin yadi. Jan launi da shuɗi mai duhu su ne suka fi cin amana, kuma ƙyalle guda mai zuba ya isa ya ɓata aikin wata ɗaya.

A wajen ajiya ma ƙyalle ya fi kowane yadi rauni, saboda daga ƙasan shago aka share shi, ya zo da ƙura da ɓurɓushin abinci, kuma buhun da aka jingine a kusurwa gida ne da ɓera da kyankyaso suke so. Wadda ba za ta iya tsince shi, ta wanke, ta goge, ta yanka shi zuwa girma biyu ko uku a cikin makon da ya shigo ba, gara ta rage yawan abin da take karɓa. Abu na ƙarshe da ya kamata a sani shi ne wannan tari ba ya ƙarewa, ƙaruwa yake yi, amma ba zai taɓa ba da shafi ba. Ana iya mallakar buhu biyar na ƙyalle a kasa gama bargo ɗaya saboda rashin yadi biyar da rabi a haɗe.

Turamen atamfa sababbi

Nan ne jari yake shiga da yawa, nan ne kuma aiki ya fi sauƙi. Turmi yana zuwa da tsawo sananne, ana yanka shi a jere ba tare da tsinta ba, kuma lissafin da aka yi a sama yana aiki a kansa daidai. A Kantin Kwari da ke Kano ana samun kowane mataki, tun daga atamfar Vlisco da ake bugawa a garin Helmond na ƙasar Holan, kamfanin da ya samo asali tun 1846, zuwa atamfofin Sin irin su Hitarget, har zuwa na roba da ke ƙasan jerin. Tazarar farashi tsakanin na sama da na tsakiya ninki ne da yawa, kuma ban ga hikimar yayyanka atamfar Holan gunduwa-gunduwa ba sai idan mai oda ce ta kawo abinta. Atamfar auduga ta tsakiya, wadda ta tsallake gwajin ashana da na zuba, ita ce ta dace da wannan aiki. Ta roba kuwa tana zamewa a ƙarƙashin allura, ba ta karɓar guga mai zafi, kuma bargon da aka yi da ita yana riƙe zufa. A nan ne karin maganar nan ta araha ba ta ado take tabbata.

Tambayar da ta fi damun masu wannan zaɓi ita ce ko su sari da yawa yanzu don gudun tashin farashi. Hujjar masu cewa a sara tana da ƙarfi. Tun da masaƙar KTL ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe a 2002, masaƙar UNTL ma ta dakatar da aiki a 2007, mafi yawan atamfar da ke kasuwa daga waje take shigowa, farashinta kuma yana bin dala. Bayan da Babban Bankin Najeriya ya saki naira a watan Yunin 2023, dalar da ake canzawa a kan kusan naira 460 a hukumance ta haura naira 1,500 a cikin 2024, kuma wadda ta cika akwati da turame kafin lokacin ta ga amfanin abin da ta yi. Sai dai wannan hujja tana da iyaka biyu. Ta farko, farashi ba kullum sama yake yi ba, kuma wadda ta sara a ƙololuwa tana iya ganin maƙwabciyarta ta sayi irinsa a ƙasa da haka bayan wata shida. Ta biyu, zanen atamfa yayi ne, kuma wanda ake rububi bana yana iya zama abin da ba mai so a gadonsa baɗi.

Atamfar auduga da aka ajiye a wuri busasshe mai duhu tana shekaru ba ta canza ba, kuma shaida tana cikin akwatunan lefe, inda ake buɗe turmin da ya haura shekara goma a same shi garau. Abin da ke kashe ta abu uku ne: danshi, gara, da haske. A Kano da kewaye watan Agusta ne ruwa ya fi yawa, kuma ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a watan Agustan 2022 ta lalata yadudduka masu ɗimbin yawa a shaguna da ɗakunan ajiya, ta nuna cewa ko manyan 'yan kasuwa ba su fi ƙarfin wannan haɗari ba. A gida, dokar ita ce kada yadi ya taɓa ƙasa ko bango, a ɗora akwati ko adaka a kan katako ko bulo, kuma kada a ƙulle shi a leda a lokacin damina, domin leda tana tsare danshin da ke ciki har fumfuna ta fito, tabonta kuma ba kasafai yake fita ba. Turmin da aka jera a kanta kusa da taga yana koɗewa a kan layin ninki kaɗai, sai ranar da aka warware shi a ga farin layi ya ratsa shi. Yana da kyau a riƙa warware turame ana sake ninke su ta wani wurin sau ɗaya ko biyu a shekara, a bar su su sha iska a inuwa idan hunturu ya shigo.

Matar da take da turamen lefe da yayinsu ya wuce, ba ta kuma da niyyar ɗinka su, tana da tarin da ba ta kashe masa ko sisi ba, kuma turmi tara daga cikinsu bargo huɗu ne cif.

Gwanjo

Abin da mai bargon haɗi take nema a gwanjo shi ne manyan zannuwan gado na auduga, rigunan bargo, labule marasa nauyi, da rigunan maza masu layi-layi. A Kano ana zuwa Ƙofar Wambai, a Kaduna kuma Kasuwar Barci. Babban zanen gado guda ɗaya yana rufe shafin bargo gaba ɗaya ba tare da haɗin tsakiya ba, kuma sau da yawa kuɗinsa bai kai na yadi biyar da rabi sabo ba. An riga an wanke shi sau da dama, don haka ya gama tsukewa, ya gama zuba. Yin bargo da tsofaffin tufafi ba abin raini ba ne: matan Gee's Bend da ke jihar Alabama a Amurka da tsofaffin tufafin aikin gona suka yi bargunan da aka baje kolinsu a manyan gidajen adana kayan fasaha na ƙasar tun daga 2002.

Raunin gwanjo shi ne an riga an ci wani kaso na rayuwarsa, kuma ba a san nawa ba ne. A ɗaga zanen a duba shi ta hasken rana. Idan tsakiyarsa ta fi gefensa haske, zaren ya sirance, zai yage kafin fuskar bargon ta tsufa. Sayen dila guda, mai kilo 45 ko 55 ko ma 100, caca ce da ba ta dace da mai ɗinki ba, domin ba a buɗe ta sai an biya, kuma abin da ya dace da aikinta zai iya zama kaɗan. Ya fi mata ta je ranar da ake fasa dila ta zaɓa da hannunta. Haka kuma kayan gwanjo suna cikin jerin abubuwan da hukumar kwastam ta Najeriya ta hana shigowa da su, shi ya sa samuwarsu da farashinsu suke rawa duk lokacin da aka tsaurara iyaka. Dole a wanke su da ruwan zafi a shanya a rana kafin su shiga ɗaki, saboda kuɗin cizo.

Bandir na yadi marar zane

Akoko, alawayyo, ko yadin auduga mai launi ɗaya ba sa ɗaukar ido a kasuwa, amma su ne suke fara ƙarewa a ɗakin kowace mai bargon haɗi, saboda da su ake shafi, da su ake kewaye baki, da su ake raba tsakanin atamfofi masu hayaniya don ido ya huta. Sayen bandir ya fi sayen yadi-yadi sauƙi a kan kowane yadi, ba ya fita yayi, kuma idan sana'ar ta tsaya ana iya sayar da shi ga kowane tela. Yadi talatin zai yi shafin bargo biyar. Akoko yana tsukewa sosai, don haka a jiƙa shi a shanya kafin a sa masa almakashi. Farin yadi kuma yana yin ja-ja idan ya daɗe a ajiye, musamman mai sitaci, wanda ƙananan ƙwari masu cin takarda suke bi. A tabbatar da yawan yadin da ke cikin bandir da faɗinsa kafin a biya, domin ba duka suke zuwa daidai ba.

Sayen daidai aiki

Wadda ta zaɓi wannan ba ta kwantar da jari, ba ta tsoron gara ko danshi, kuma mai oda ce take zaɓen launi ta ba da kafin alƙalami. Abin da take biya shi ne farashin ɗai-ɗai, da kuɗin mota a kowane aiki, da kuma wata matsala ta musamman: bargon haɗi yana son launi shida ko takwas, atamfa kuwa ba kowane mai shago yake yarda ya yanka turmi ba. Idan ta sayi turmi shida don bargo ɗaya, ta sayi yadi 36 domin aikin da fuskarsa yadi takwas take ci, ragowar kuma ta zama tarin da ta ce ba ta so.

| Hanya | Farashi | Kafin ya ƙare | Juriyar ajiya | Ƙarkon bargo | Sauƙin aiki | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Ƙyallen teloli | Mafi arha | Ba ya ƙarewa, amma ba shafi | Rauni, sai an tsince | Ya danganta da tsinta | Mai wahala | Cakuɗuwar roba, zuba, ɓera |
| Turamen atamfa | Mafi tsada | Turmi 9, bargo 4 | Shekaru a busasshen wuri | Mai kyau in auduga ce | Mafi sauƙi | Kwantan jari, wucewar yayi |
| Gwanjo | Arha | Babban zane 1, shafi 1 | Matsakaiciya | Ƙasa da na sabo | Matsakaici | Siririn zare, ƙwari |
| Bandir marar zane | Matsakaici | Yadi 30, shafi 5 | Mai kyau, fari yana ja | Mai kyau | Mai sauƙi | Tsukewa, gajeren awo |
| Daidai aiki | Tsada a kan yadi | Babu tari | Babu damuwa | Yadda aka zaɓa | Yawan zirga-zirga | Tashin farashi, ragowa |

Zare, allura da ciko

Ƙananan kayan aiki ba su da tsawon rai iri ɗaya, kuma kuskure ne a sare su duka a lokaci guda. Haɗa ƙyalle 400 yana nufin ɗinki mai tsawon sama da yadi ɗari, bin bargon da layuka a kan kowane jere ma kusan haka ne, keken ɗinki kuwa yana cin zare ninki biyu da rabi zuwa uku na tsawon ɗinkin idan aka haɗa na sama da na kwarkwaro. Bargo ɗaya kenan yana bukatar zare yadi 600 zuwa 700, kuma babban ƙundu mai yadi dubu uku zai yi bargo huɗu. Zaren roba yana shekaru a ajiye, na auduga kuwa yana yin rauni idan rana da ƙura suka daɗe a kansa. A ja shi da hannu, idan ya tsinke ba gardama, kada a sa shi a bargo. Launi uku sun wadatar: fari, ruwan toka da baƙi.

Allura ba ta lalacewa a fakitinta in dai danshi bai sa ta tsatsa ba, amma a kan keke ana so a canza ta bayan kimanin awa takwas na ɗinki, lamba 14 wajen haɗa ƙyalle, lamba 16 wajen ratsa fuska da ciko da shafi. Allura biyu ko uku ke nan a kowane bargo, kuma sayenta da yawa ba asara ba ce.

Ciko shi ne abin da ban ba kowa shawarar tarawa ba. Siririn soso yana yin rawaya ya fara marmashewa a ɗaki mai zafi, kuma yana yin hakan ko a cikin bargon da aka gama. Fiba ba ta ruɓewa amma tana cin wuri, tana kwanciya idan aka danne ta da kaya. Auduga tana jan danshi, ɓera kuma yana sheƙa a cikinta. A sayi na bargo biyu ko uku kawai a lokaci guda. Game da kafur da ake jefawa a akwati don korar ƙwari, a nisanta shi daga duk yadin da za a yi wa jariri bargo, domin sinadarin naftalin da ke cikinsa yana fasa jajayen ƙwayoyin jinin jariran da aka haifa da ƙarancin sinadarin G6PD, ya jawo musu shawara mai tsanani, kuma wannan ƙarancin ya yawaita a Najeriya.

Wa ya dace da wanne

Mai koyo, wadda ba ta san saurin hannunta ba tukuna, ta fara da buhun ƙyalle ɗaya da zanen gwanjo biyu, kada ta sayi turmi sai ta gama bargo biyu ta ga kwana nawa kowanne ya ɗauke ta. Wadda take ɗinki don gidanta da kyauta ga 'yan'uwa, bargo uku ko huɗu a shekara, yadi arba'in zuwa hamsin da biyar ne iyakar bukatarta, kuma idan tana da turamen lefe a ajiye, yadin shafi kawai za ta nema.

Mai sana'a da take fitar da bargo biyu ko fiye a wata ita ce ta fi bukatar haɗa hanyoyi: bandir na yadi marar zane a matsayin ginshiƙi, ƙyallen da aka tsince domin yawan launi, da turame kaɗan masu launin da ba ya fita yayi don su ɗaure zanen. Ita ce kuma sari ya fi yi wa amfani, da sharaɗin ta tsayar da shi a kan abin da za ta ɗinke cikin wata shida zuwa shekara, ta yi babban sayenta bayan ɗaukewar ruwa, ta yadda tarin zai yi ƙasa kafin wata daminar. Mai ɗinkin kayan ɗakin amare, inda uwar amarya take son bargo ya dace da labule da kujeru, ta tsaya a kan sayen daidai aiki, ta sa kuɗin cikakkun turamen a cikin farashi, ta kuma yi magana tun farko a kan wanda zai riƙe ragowar. Wadda kuwa take zaune a ɗaki ɗaya, ko a gidan da bangonsa yake jiƙa da damina, ko a unguwar da ruwa yake shiga, kada tarinta ya wuce abin da adaka guda za ta ɗauka, kimanin na bargo biyu, tare da zare da allura na rabin shekara.